Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Akwai wata jimla da ta zama kamar sallama a kundayen tsare-tsaren raya ƙasa na Nijeriya. Da wuya mutum ya buɗe takardar wani babban shiri na noma, ko na lantarki, ko na ilimi, bai ci karo da alƙawarin cewa za a daidaita shirin da manufofin cibiyoyin kuɗi na duniya ba. Masu rubuta wannan jimla suna ɗaukar ta alamar wayewa. Ni kuwa takardar miƙa wuya nake kallon ta. Ƙasar da ta fara tambayar abin da mai ba da bashi yake so kafin ta tambayi abin da manominta yake bukata, ta riga ta sayar da alƙalaminta tun ba ta fara rubutu ba.

Ya kamata mu fara sanin da wa za mu daidaita. An kafa Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a taron Bretton Woods na 1944, lokacin da Nijeriya ke hannun Turawan Ingila, Nijar kuma ke hannun Faransa. Ba mu zauna a wurin ba, kuma har yau nauyin ƙuri'a a can gwargwadon nauyin aljihu ne. Amurka kaɗai tana riƙe da sama da kashi 16 cikin 100 na ƙuri'un Asusun, manyan shawarwari kuwa ba sa wucewa sai da kashi 85. Ke nan ƙasa ɗaya tak tana iya taka wa duniya burki, alhali ƙuri'un ƙasashen Afirka 54 a haɗe ba su kai rabin nata ba. Da Asusun ya raba kuɗin ajiya na musamman na dala biliyan 650 a 2021 don rage raɗaɗin annobar korona, abin da ya faɗo wa nahiyar Afirka baki ɗaya bai wuce kimanin biliyan 33 ba. To, idan aka ce mu daidaita, wa zai karkata zuwa wajen wa? Ai ba a taɓa jin an daidaita kai da hula ba.

Wani zai ce Afirka ba ta taɓa kawo tsari nata ba, shi ya sa ake rubuta mata. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. A Afrilun 1980 shugabannin nahiyar suka hallara a Legas, suka amince da wani tsari da ya ginu a kan dogaro da kai: ciyar da kai, kafa masana'antu, da kasuwanci tsakanin ƙasashen Afirka. Shekara ɗaya kacal bayan haka Bankin Duniya ya fitar da rahoton Berg, wanda ya ce mafita ita ce a karya darajar kuɗi, gwamnati ta janye hannunta daga harkar kasuwa, a mayar da hankali ga amfanin gonan da ake fitarwa waje. Tsarin Legas yana da sa hannun shugabanni, rahoton Berg yana da kuɗi a bayansa. Kowa ya san wanda ya yi nasara.

A Nijeriya abin ya zo da rainin hankali. A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya buɗe muhawara, ya tambayi 'yan ƙasa ko a karɓi bashin Asusun. Ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka ce a'a, gwamnati ta sanar cewa ta ji. Amma a 1986 sai ga shirin SAP ɗauke da kusan dukkan sharuɗɗan da aka ƙi. Naira da take kusan kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen huɗu a dala ɗaya cikin ɗan lokaci. Aka rushe hukumomin sayen auduga da gyaɗa. Gaskiya ne waɗannan hukumomi sun sha cutar manomi a farashi, amma su ne suke raba ingantaccen iri, suna kuma tabbatar masa da mai saye. Da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba. Masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda sai da kuɗin waje suke sayen kayan gyaran injuna da na rini, suka fara numfashi sama-sama, daga baya aka buɗe ƙofa ga yadin waje ya ƙarasa su. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Duk wanda ya ratsa Kakuri yau ya ga abin da daidaitawa ta bari. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma sun ɗanɗana nasu a Janairun 1994, ranar da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu da yardar Faransa da Asusun.

Ni da tsarata ba a haife mu ba a 1986, amma a gabanmu aka maimaita darasin. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai da jimla ɗaya a jawabin rantsuwa, bayan makonni biyu aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Matakai ne da cibiyoyin nan biyu suka daɗe suna kira a ɗauka, kuma sun yaba. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta zarce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a 2024. Maganin da aka kawo wa talaka shi ne naira 25,000 a wata har wata uku, kuɗin da a 2024 ba su kai rabin buhun shinkafa ba, kuma daga cikin bashin Bankin Duniya aka tsara biyan su. An ranta mana wuƙa, sannan an ranta mana bandeji, kuma mu ne za mu biya kuɗin duka biyun.

Na san amsar masu kare wannan tafarki: tallafin mai rijiyar sata ne. Haka ne, binciken Majalisar Wakilai na 2012 ya tona wannan. Amma idan ɓera ya shiga rumbu, ɓeran ake kamawa, ba a cinna wa rumbun wuta. Gwamnatin da ta fara da tambayar halin da jama'arta ke ciki za ta soma da hukunta ɓarayin tallafin, ta tayar da matatun Fatakwal da Warri da Kaduna, ta tanadi motocin haya masu sauƙi, sannan ta janye tallafin kaɗan-kaɗan. Wadda ta fara da neman yabon Washinton kuwa da farashi take somawa, domin shi ne abin da ake iya nunawa a jadawali.

Babban zaluncin wannan alaƙa shi ne mai ba da shawara ba ya biyan kuɗin kuskurensa. A 2016 wasu masana uku na sashen bincike na Asusun suka wallafa maƙala, suka yarda cewa tsuke bakin aljihun gwamnati da sakin kuɗi su shiga su fita yadda suka ga dama sun ƙara faɗaɗa rata tsakanin mai shi da mara shi. Madalla da wannan gaskiya. Sai dai ba ta sake buɗe masaƙa ko ɗaya ba, ba ta kuma rage sisin kwabo daga bashin da aka ci a kan waccan shawara ba.

Ba ina wanke shugabanninmu ba ne, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12, aka yi ta murna an 'yantu. Ba a cika shekara ashirin ba bashin waje ya haura biliyan 40. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, a Maputo a 2003 suka ce kashi 10 ga noma. Gwamnatin tarayya ba ta cika ko ɗaya ba. Alƙawarin da aka yi wa mai ba da bashi shi ne kaɗai ba a saɓawa.

Kuma ba dole ba ne. Bankin Duniya ya ƙi goyon bayan Koriya ta Kudu da ta so gina masana'antar ƙarafa a Pohang, yana ganin ba ta kai ba. Ta nemo kuɗi daga Japan, ta fara narka ƙarfe a 1973. Mu kuwa Ajaokuta tana nan tana tsatsa. Malesiya ta ƙi maganin Asusun a 1998, ta ɗaure fitar kuɗi daga ƙasarta, ta kuma farfaɗo. Malawi ta raba takardun rangwamen taki a 2005 ba da son masu ba ta agaji ba, masara ta yi albarka. Waɗannan ƙasashe ba su yanke hulɗa da duniya ba. Sun dai san cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ina kira da a juya jimlar nan. A rubuta tsarin ƙasa a gida, a gama, sannan a fita neman kuɗi. Wanda sharaɗinsa ya dace da tsarin a karɓa, wanda bai dace ba a yi masa godiya. Duk yarjejeniyar bashi a buga ta cikakkiya, a yi muhawara a kanta a majalisa, a karanta sharuɗɗanta a rediyo da harsunan da masu biya suke ji. Kada a ci bashin dala sai a kan abin da zai haifi dala ko ya hana ta fita. Ƙasashen Afirka kuma su daina zuwa gaban masu ba da bashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙoƙon bararsa.

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan adalci ne idan wanda ya ci ladan shi ne yake askin. A ƙasarmu wasu ne suke ci a Abuja, askar kuma a miƙa ta ga mai sayar da ƙosai da malamin firamare da yaron da ba a haifa ba tukuna. Tunda mu ne za mu biya, a bar mu mu riƙe alƙalamin.