Ina Zauren Alƙali?

Ya ku 'yan makarantar Birnin Kudu da Gwaram, ga tambaya guda, ban yarda kowa ya duba littafi ba. A ina alƙalin garinku ya riƙa zama yana shari'a zamanin En'e? Na san da yawanku za su yi shiru, alhali kuwa in an tambaye ku zanen Dutsen Habude sai ku amsa tun ba a rufe baki ba.

Ƙasashen nan biyu dā gundumomin Kano ne, kowace da alƙalinta, wanda bai gamsu da hukunci ba ya ɗaukaka ƙara zuwa birni. A 1968 aka karɓe shari'a daga hannun En'e aka mayar ga gwamnati, a 1991 kuma aka yanki Jihar Jigawa. Mun riƙe shekarun, amma irin ɗakunan da aka yi ta raba gado da rikicin gona a cikinsu, wa ya kula da su?

Waɗansu masu ganin kansu wayayyu sai su ce ai ginin ƙasa ƙauyanci ne, gara siminti da kwano. Kai, wannan magana da ban haushi take! Shin sun taɓa zama ƙarƙashin kwano da tsakar rana a watan bazara, mai ƙara na gumi, wanda ake ƙara na gumi, magatakarda na fifita da takardar sammaci? Maginin dā ya san aikinsa. Ya jera tubali ya yi bango mai kauri, wanda zafin rana ba ya ratsa shi sai dare. Ya sami azara ta giginya, wadda gara ba ta cinta, ya ɗaura ta bisa ta, ya tanƙwaro bakan gizo har suka haɗu a tsaka, ɗaki ya yi faɗi ba ginshiƙin da zai tsare wa alƙali fuskar mai shaida. Sa'an nan ya shafe da makuba, ya kafa indararo.

Ko a Zariya, da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau mulki a 1834, sai ya haɗa da ɗakin shari'a a jikinsa. To, wa ya isa ya kira wannan ƙauyanci?

Gaskiya ne ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara. Amma fa wanda ya kasa biyan kuɗin yaɓe, kada ya ɗora wa damina laifi.

Saboda haka in an yi hutu, kowa ya tafi wurin tsofaffin unguwarsu, ya durƙusa ya gai da su, ya roƙa a nuna masa wurin. In ɗakin na nan, ku auna tsawonsa da faɗinsa da taki, ku ƙirga bakunansa, ku zana. In kuwa ya zama kufai, ku rubuta sunan unguwar da na alƙalan da aka tuna, ku kai wa malaminku ran da aka koma makaranta.