A Haɗa Ɗakin Amsa Waya Da Sauran Ofis

Tun shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, fatauci tsakanin Arewa da Kurmi ya koma kan waya. Dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 ta Ikko da mai goro a Sabo ta Badun duk da ita suke ƙulla ciniki, da ita kuma suke aika kuɗi gida. To, amma ranar da kuɗi suka maƙale, ran nan ne mutum yake gane cewa bankuna da kamfanoni da yawa a rabe suke gida biyu.

A gefe ɗaya akwai ɗakin amsa waya, inda ake karɓar kukan jama'a. A ɗaya gefen kuma ga akawuna da manajoji, waɗanda gyaran yake hannunsu. Kowane ɓangare da na'urarsa da littafinsa, wannan ba ya ganin abin da wancan ya rubuta. Saboda haka sai mai kuka ya faɗi labarinsa ta waya, ya aika saƙo, sa'an nan ya rufe rumfa ya tafi reshe, a can ma a ce ya faro daga tushe. Waɗanda suka sha wuyar ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ba sa bukatar a yi musu bayani. Tumatir kuwa ba ya jiran akawu.

Maganin a fili yake. Yau akwai tsarin kwamfuta da ke haɗa kiran waya da saƙonni da taron ma'aikata wuri guda. Kamfanin Zoom na Amurka, alal misali, ya ƙara ɗakin amsa waya a kan nasa tsarin a 2022. Idan an yi haka, mai amsa waya zai ga duk abin da ya wuce tsakanin mutum da kamfani, ya ga ma'aikacin da ke kan kujerarsa, ya tambaye shi nan take, ko ya miƙa masa kiran tare da bayaninsa.

Ribar kamfani ba ƙarama ba ce. Kuɗin tsari ɗaya zai biya maimakon biyu, horon ma'aikata zai yi sauƙi, kukan da aka share a kira ɗaya kuma ba zai dawo ya cika layi ba. Haka nan shugabanni za su ga irin kukan da ya fi yawa, su toshe ɓarakar tun daga tushe. Babbar fa'ida ga 'yan Arewa mazauna Kudu ita ce harshe: dattijon da ba ya jin Turanci ya kira daga Fatakwal, a haɗa shi da ma'aikacin reshen Kano su yi Hausa. Ɗan kasuwan da aka fita kunyarsa haka da wuya ya canja banki.

Sai dai a yi hattara. Tsarin da ya tattara kome, in ya tsaya kome ya tsaya, don haka tilas ne a tanadi wata hanya. Tilas ne kuma a tsare asirin mutane, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta umarta.

Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su riƙa tambayar duk bankin da ya zo neman jama'arsu yadda yake karɓar kuka, kuma da wane harshe. Wanda ya kasa ba da amsa, a kai kuɗin wani wuri.