Idon Mai Hoto Malami Ke Buɗe Shi

Iyayenmu da yawa suna ganin ɗaukar hoto shiririta ce, aikin yaran da ba su son karatu. Ban ga laifinsu ba, don abin da suka saba gani ke nan: saurayi ya karkace hula ya ɗauki kansa sau ashirin. Amma ni a ganina hoto ilmi ne, kuma kamar kowane ilmi, sai da malami.

Malaminmu na Tarihi shi ya kafa mana ƙungiyar masu hoto a makaranta. Da yake an hana ɗalibai riƙe waya, tasa yake ara mana ran Asabar, amma da sharaɗi: hoto biyar kacal ga kowa. Ya ce a zamaninsu fim ɗaya hoto 36 yake ci, kuma sai an wanke za ka ga abin da ka yi, saboda haka dole ka yi tunani kafin ka danna. Ya koya mana mu bar rana a bayanmu, mu fita da hantsi ko da la'asar, mu durƙusa in yaro za mu ɗauka. Wannan duk mai sauƙi ne.

Abin da ya fi shiga raina shi ne dokarsa ta biyu. Ba ka ɗaukar mutum sai ka gaishe shi ka nemi izini, sa'an nan ka rubuta wurin da ranar. Ya ba mu labarin wani mai hoto na Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun 1968 ya dinga ɗaukar kitson mata iri iri har ya tara kusan dubu. Ya rasu a 2014, amma kitson da aka daina yi yana nan a hotunansa. Sai malam ya tambaye mu: wa ke da hoton tsohon garin Maradun a gidansu? Aka yi tsit. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gidaje da gonaki, aka tashi mutane zuwa sabon gari. Kakata tana kwatanta mini ƙofar gidansu da tsamiyar da ke bakinta, amma da baki kawai, kuma ta tsufa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ku duba abin da ake yi da hoto yau. 'Yan bindiga su kai hari ƙauye, kafin a yi jana'iza hoton gawa ya zaga wayoyi, wata uwa ma a nan za ta fara ganin ɗanta. Wanda ya ɗauka yana da waya mai kyau, mai yi masa tarbiyya ne bai samu ba. Ɗalibin malaminmu ba zai yi haka ba, don ya saba tambayar kansa ko mai hoton zai yarda.

Saboda haka ina roƙon iyaye, in mun zo hutu muka ari waya, kada a kore mu. Ni dai wannan hutun ina so in ɗauki masunta a bakin dam, da masu dashen shinkafa a Talata Mafara, da kakata tana kaɗi, in ta yarda.