Kada a Binne The Cardigans Cikin Waƙa Ɗaya

Akwai wata ɗabi'a da ta kama masu sauraron kiɗa a wannan zamani, kuma ina ganin zalunci ce: a ɗauki mutanen da suka yi shekara goma sha ɗaya suna fitar da kundin waƙoƙi, a ƙudundune duk aikinsu cikin minti uku, a ce ga su nan. Abin da aka yi wa The Cardigans ke nan, ƙungiyar mawaƙa biyar daga garin Jönköping na ƙasar Suwidin. Ambaci sunansu a gaban wanda ya taɓa jin su, zai ce maka ai masu "Lovefool" ne, waƙar nan mai zaƙi ta fim ɗin Romeo + Juliet na 1996. Daga nan zance ya ƙare. An yanke hukunci: 'yan waƙa ɗaya ne, alewa ce da ta narke tun a shekarun 1990.

Wannan hukunci ba gaskiya ba ne, kuma shaidar tana nan a faifai ga duk mai son ji.

Mu fara da ita "Lovefool" ɗin, domin ko ita ba a saurare ta yadda ya kamata ba. Kiɗanta na rawa ne, muryar Nina Persson kuwa laushi gare ta kamar auduga. Amma me matar da ke cikin waƙar take nema? Roƙon mutumin da ya daina son ta take yi ya ci gaba da yaudarar ta, domin a wurinta ƙarya ta fi kaɗaici sauƙi. Mace ce ta zubar da mutuncinta a ƙofar wanda ba ya kallon ta. Maɗaci ne aka lulluɓe da zuma, mutane suka lashe zumar suka ce sun san abin da ke cikin kwano. Waƙar ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya a 1997, ta cika gidajen rediyon Amurka, amma yawancin masu rawa da ita ba su lura kuka ake yi ba.

Wanda ya san asalin ƙungiyar ba zai yi mamakin wannan ɗaci ba. Peter Svensson mai jita da Magnus Sveningsson mai jitar bes, waɗanda suka kafa ta a 1992, daga kiɗan ƙarfe mai ruri suka fito. Shi ya sa a kundinsu na farko, Emmerdale na 1994, suka ɗauko "Sabbath Bloody Sabbath" ta Black Sabbath suka mayar da ita tattausar waƙa kamar ta reno, suka kuma sake yin haka da "Iron Man" a kundin First Band on the Moon na 1996. Wasu sun ɗauka raha ce. Ni ban ga raha ba. Gwaji ne na masu sana'a: idan aka cire wa waƙa amo da ihu, me zai rage? Abin da ya rage shi ne baƙin ciki tsagwaronsa, kuma a kansa suka gina duk abin da ya biyo baya.

Masu cewa fim ne ya yi su sun manta da Life na 1995. Kafin Hollywood ta san da zamansu, wannan kundi ya riga ya karɓu ƙwarai a Japan. A situdiyon Tambourine da ke Malmö aka naɗe shi, a hannun Tore Johansson, da sarewa da tsofaffin na'urori masu ba da sauti irin na shekarun 1960. Sautin ya yi tasiri har mawaƙan Japan irin su Bonnie Pink suka nemi Johansson ya shirya musu nasu kundin. Ƙungiyar da ta sa mawaƙan wata nahiya suka bi sawun sautinta, ta yaya za a ce sa'ar fim ɗaya ce kawai ta ɗaga ta?

Babbar hujjata kuwa ita ce abin da suka yi bayan sun shahara. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka kuma ba a san mawaƙin gaske ba sai kasuwa ta ce masa maimaita. Hanya mafi sauƙi a 1998 ita ce su haifi ƙanwar "Lovefool". Sai suka fitar da Gran Turismo, kundi mai sanyi kamar hunturun ƙasarsu, cike da sautin na'ura da shiru mai nauyi. "Erase/Rewind" da "My Favourite Game" ba su da wata alaƙa da alewar da aka laƙaba musu, kuma dukansu sun karɓu a Turai. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen waƙa ɗaya, ko da da ma'aunin kasuwa za a auna. A 1999 ma sun yi "Burning Down the House" tare da Tom Jones.

Bayan Gran Turismo, sai da suka yi shekara biyar ba su fitar da sabon kundi ba. Persson ta tafi ta yi nata aikin da sunan A Camp, wanda kundinsa na farko ya fito a 2001. Da suka dawo a 2003 da Long Gone Before Daylight, sai ga wasu mutane daban. Na'urorin sun ja baya, jitar katako ta matso gaba, muryar Persson ta ƙara kauri irin na wadda ta ga rayuwa. Ita ce ke riƙe da alƙalamin baitoci yanzu, kuma abin da take rubutawa ba na yara ba ne. "Communication" tana magana a kan mutane biyu da ke tare amma maganarsu ba ta isa kunnen juna. "And Then You Kissed Me" ta haɗa so da duka a jiki ɗaya, ta yadda mai sauraro ba zai iya kau da kai ba. A ganina wannan ne mafificin aikinsu, kuma shi ne wanda masu hukuncin gaggawa ba su taɓa buɗewa ba. Super Extra Gravity na 2005, wanda Johansson ya dawo ya shirya, ya rufe jerin da kaushi da ƙarfin jita, har ya kawo kashi na biyu na waccan waƙa ta so da duka. Kundi shida, babu wanda ya kwafi ɗan'uwansa.

Za a ce mini jama'a ne alƙalai, kuma abin da suka zaɓa shi ne abin da ya cancanta. Ina girmama kunnen jama'a, amma jama'a ba sa zaɓen abin da ba a kai musu ba. Baz Luhrmann ne ya sa waƙa ɗaya a fim ɗinsa na Romeo + Juliet, gidajen rediyo suka yi ta juya ta, yau kuma manhajoji irin su Spotify suna jera waƙoƙin da aka fi saurara a saman shafin kowane mawaƙi. Wadda ke sama ita ake dannawa, wadda ake dannawa ita ke zama a sama. Wannan ba ƙuri'ar jama'a ba ce, rijiya ce da ake ta zuba wa ruwan da aka ɗebo daga cikinta.

Za a kuma ce ba kowa ke da lokacin sauraron kundi shida ba. Gaskiya ne, kuma babu wanda aka wajabta wa. Wanda ya ji waƙa ɗaya ya ji daɗinta bai yi laifi ba. Laifin yana wuyan wanda ya ji ɗaya sannan ya hau kujerar alƙali, musamman marubuta da masu gabatar da shirye-shirye da ke maimaita laƙabin ba tare da sun duba ba. Idan ba ka shiga gida ba, ka ce zaure ka gani; kada ka rantse cewa babu ɗakuna.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da wannan ɗabi'a ke koya wa matasan mawaƙa a ko'ina. Tana gaya musu cewa canza salo asara ce, girma ba shi da lada, abin da ya yi kasuwa jiya shi za a yi gobe. The Cardigans sun ƙi wannan darasi sau uku a jere, kuma ladan da suka samu shi ne a riƙa tuna su da abin da suka riga suka wuce. Svensson ya nuna daga baya cewa hanyar kasuwa ba ta ɓace masa ba, domin yana cikin waɗanda suka rubuta "Can't Feel My Face" ta The Weeknd a 2015 tare da Max Martin. Ashe ba gazawa ce ta hana su maimaita "Lovefool" ba. Zaɓi ne.

Tun 2005 ba su sake fitar da sabon kundi ba, ko da yake sun koma hawa dandamali a 2012. Saboda haka aikin ya kammala, yana ajiye, ba ya ƙaruwa. Wanda ke son yin magana a kansu ya keɓe dare ɗaya, ya sa Long Gone Before Daylight daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe ba tare da tsallake ko ɗaya ba. In ya gama ya dawo mu yi gardama. Kafin nan, ya bar kiran su 'yan waƙa ɗaya.