A Ajiye Ruwa Inda Wuta Ta Saba Tashi

Duk shekara, da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya kama, sai labarin gobarar daji ya fara zuwa: can ta cinye damman dawa da aka tara a gona, nan ta lashe makiyaya. Idan an nemi motar kashe gobara, sai a tarar tana hedikwatar jiha, tafiyar sa'o'i. Kafin ta iso, toka kawai za ta tarar. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za a daina rabon kayan kashe gobara bisa girman gari ko ƙarfin faɗa-a-jin mutanensa, a koma rabo bisa girman hatsari.

Ɗalibai sun san cewa wuta ba ta ci sai abubuwa uku sun haɗu: makamashi, da iskar oksijin, da zafi. A daji, makamashin shi ne busasshiyar ciyawa. Saboda haka shekarar da aka sami damina mai albarka ita ce shekarar da ya kamata a fi jin tsoro, domin ciyawa ta yi yawa. Kuma ciyawa iri-iri ce. Gamba, wadda muke saƙa zana da ita, tana kai tsawon mita 3 zuwa 4. An kai ta Ostareliya wajen shekarun 1930 domin kiwo, ta bazu a arewacin ƙasar, ta sa wutar dajinsu ta fi ta da ƙarfi nesa ba kusa ba. Ban da ciyawa, akwai iska da yanayin ƙasa. Iskar hunturu busasshiya ce, daga arewa maso gabas take busowa, kuma wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu: masana sun ƙiyasta cewa saurinta yakan ninka a duk ƙarin digiri 10 na gangare.

Ma'anar wannan ita ce, gobarar daji ba ta faɗowa ko'ina bisa tsautsayi kawai. Tana da wuraren da ta saba, tana da watanninta. Tun bayan da hukumar NASA ta Amurka ta harba taurarin ɗan'adam Terra a 1999 da Aqua a 2002, na'urorinsu suke ɗaukar bayanin wuraren da wuta ke ci a duniya kullum, kuma bayanin kyauta ne a intanet. Da shi aka gano cewa mafi yawan ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka take. Idan aka tara bayanin shekara 20 na jiha ɗaya, aka ɗora shi a kan taswirar ƙauyuka, da burtali, da rijiyoyi, da hanyoyin mota, za a ga inda ya kamata a girke mutane da kaya daga Nuwamba zuwa Maris.

Wani zai ce, ai kasuwanninmu ma suna ƙonewa, motocin kuma ba su isa ba, yaya za a kwashe su a kai daji? Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ce a bar birni hannu sake ba. Amma babbar motar ruwa ba ita ce maganin wutar ciyawa ba, sau da yawa ma ba ta da hanyar shiga. Abin da ake bukata shi ne ƙananan rukunoni na mutanen da aka horar, da babura, da jarkokin feshi na goyo, da manjagara, da wayar salula, a ajiye su kusa da wuraren hatsari. Wuta tana ƙarama mutum goma sa kashe ta, idan ta yi nisa mutum dubu sai kallo.

Maƙwabtanmu sun riga mu gwadawa. Bayan fari da gobarar 1983 da suka ƙone gonakin koko da na abinci a Ghana, ƙasar ta yi doka a 1990 wadda ta tanadi kafa 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka. A Jamhuriyar Nijar kuwa, bayan damina akan share faffaɗan layuka a cikin makiyayar jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram, domin idan wuta ta iso ta rasa abin ci.

Malaman sakandare suna da rawar takawa. A sa ɗalibai su zana taswirar yankinsu, su tambayi manoma da makiyaya da mafarauta inda wuta ta ci a shekaru biyar da suka wuce, da watan da ta ci, da abin da ya tayar da ita. A miƙa taswirar ga hakimi da ƙaramar hukuma kafin ciyawa ta bushe. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To, amma sai ruwan yana kusa.