Mai Shelar Gobara Ba Shi Ya Kunna Wuta Ba

Ran 24 ga watan Nuwamba na shekarar 2021 masanan Afirka ta Kudu suka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, cewa sun gano wani sabon irin ƙwayar cutar korona, wanda abokan aikinsu na Botswana su ma suka gani. Bayan kwana 2 hukumar ta raɗa masa suna Omikron. Kafin mako ya kewayo, Ingila da Amurka da ƙasashen Turai sun rufe ƙofofinsu ga matafiyan kudancin Afirka. Jiragen sama suka tsaya, masu sana'ar karɓar baƙi suka tafka hasara, har sinadaran da masanan suke aiki da su suka yi wuyar isowa. Wannan shi ne tukuicin da aka ba mutanen da suka faɗi gaskiya a kan kari. A ganinmu kuskure ne babba, kuma bai kamata a manta da shi ba.

Domin a gane girman aikin da suka yi, sai mu duba yadda ake bin sawun cutar. Kowace ƙwayar korona tana ɗauke da rubutun halittarta, mai haruffa wajen dubu 30. In ta shiga jikin mutum sai ta yi ta kwafin wannan rubutu, kamar almajirin da yake kwafin littafi da hannu, wani lokaci harafi ya kuɓuce masa. Yawancin kurakuran ba su canza kome. Amma jifa-jifa akan samu wanda yake ƙara wa ƙwayar saurin yaɗuwa, ko ya taimaka mata ta kauce wa garkuwar jiki. Masana suna da na'urorin karanta rubutun harafi bi da harafi, sa'an nan su gwama na wannan gari da na wancan, su fid da salsalar ƙwayar kamar yadda ake fid da ta gidan sarauta.

Amfanin wannan ilimi a fili yake. A watan Janairu na 2020 masana a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka bayyana rubutun ƙwayar ga kowa, kuma da shi aka haɗa kayan gwaji, aka sarrafa alluran rigakafi kafin shekarar ta ƙare. Da shi ne kuma aka gane irin Alfa a Ingila, da Beta a Afirka ta Kudu, da Delta a Indiya.

To, sai dai ƙasar da ta fara ganin sabon iri ba lalle ba ne a ce a cikinta ya tsira. Mai fitila shi yake fara ganin maciji. Ga shaida: ƴan kwanaki bayan sanarwar, hukumomin ƙasar Holand suka iske Omikron cikin samfurin da suka ɗiba tun ran 19 da 23 ga Nuwamba. Rufe ƙofa bai tsai da shi ba, cikin ƴan makonni ya game duniya, kuma kafin shekarar ta fita Ingila da Amurka sun janye dokar.

Wani zai ce ai wajibin kowace gwamnati ne ta kare mutanenta sa'ad da ba a san ƙarfin abin da yake tafe ba. Gaskiya ne. Amma akwai gwaji a filin jirgi, akwai killace matafiyi na ƴan kwanaki, waɗanda ba su zama horo ga ƙasa ɗungurungum ba. Ku yi tunanin ministan lafiya na wata ƙasa matalauciya wanda gobe za a kawo masa irin wannan labari. In ya tuna abin da ya samu Afirka ta Kudu, ba zai yi jinkirin magana ba? Jinkirin mako guda kuwa rayuka ne.

Saboda haka abu biyu muke kira a yi. Na farko, a yi adalci. Ƙasar da ta ba da rubutun ƙwayar cuta ta samu rabonta na rigakafi da magani a kan lokaci, kada a maimaita abin da ya faru a 2021, sa'ad da ƙasashe masu arziki suka fara allura ta uku alhali yawancin ƴan Afirka ba su samu ta fari ba. A watan Mayu na 2025 ƙasashen OMS suka amince da yarjejeniyar tinkarar annoba, amma suka bar maganar wannan rabo sai wani zama. Nan ne ya kamata wakilan Afirka su tsaya da murya ɗaya.

Na biyu, kada mu bar namu aiki ya mutu. Tun watan Maris na 2020 ƙungiyar Farfesa Christian Happi a garin Ede na Najeriya ta karanta rubutun ƙwayar, karo na farko a Afirka. OMS ta ɗage dokar ta-ɓaci ta korona ran 5 ga Mayu na 2023, amma na'urar da ta karanta korona tana karanta sauran cututtuka. Mu a Nijar mun ga misali. Bayan rigakafin da aka soma a 2010 ya karya lagon sanƙarau irin A, sai a 2015 irin C ya auka wa Yamai da Doso, kuma binciken rubutunsa ya nuna sabon tsatso ne. Cibiya irin CERMES ta Yamai tana bukatar kuɗi daga baitulmalin ƙasa, da wutar lantarki marar yankewa, da samari masu ilimi waɗanda za a riƙe a gida.

Ƴan'uwa, rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya hau soro ya yi kururuwar gobara godiya ta kamace shi, domin in aka saba jifarsa, wata rana gari zai ƙone kowa yana barci.