Tashar Uzuakoli ta yi shiru, mu ne muke biyan kuɗin shirun

Duk wanda ya bi tsohon layin dogo daga Fatakwal zuwa Inugu ya san Uzuakoli, 'yar ƙaramar tasha da ke gaba da Umuahia a Jihar Abiya. Yau shekaru ke nan jirgi bai tsaya a wurin ba. Ni a ganina labarin wannan tasha namu ne, mu Hausawan kudu.

Turawa sun gano kwal a Udi a 1909, shi ya sa suka kafa Fatakwal, suka ja layi daga can har Inugu a 1916. Uzuakoli na cikin tashoshin da aka dasa a hanya, inda ake lodin manja da ƙwarar kwakwa. Da layin ya haɗe da Arewa ta Kafanchan, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, sai shanu suka riƙa gangarowa a tarago. Haka Umuahia ta zama babbar kasuwar shanu ta gabas, iyayenmu suka kafa zango a garuruwan bakin layi.

Bayan yaƙin basasa hukumar jiragen ƙasa ta yi ta ja da baya, kaya suka koma tirela. Kun ga kasuwanninmu ma titi suka bi: Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, Garki ta Ugwuoba a kan hanyar Anacha, garin da dama jirgi bai taɓa zuwa ba. To me muka samu? Shingaye barkatai, kowa da nasa na goro, tsadar man dizal, ga zaman gida na ranar Litinin da aka fara a 2021. Dabba ta galabaita a mota, tumatir ya ruɓe, ɗan kasuwa ya ɗauki asara, mai saye kuma ya ce Bahaushe ne ya tsauwala.

A Maris 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443. A 2024 aka buɗe Fatakwal zuwa Aba, kilomita 62 kacal. Madalla, amma jirgin da ya tsaya a Aba bai kawo buhun albasa ko ɗaya daga Arewa ba.

Abin da nake tsoro shi ne a gama aikin da manyan tashoshin fasinja kawai, a manta da irin su Uzuakoli, Ovim da Eha-Amufu, babu wurin sauke dabbobi, babu rumfar kaya. Don haka sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan shanu da 'yan gwari su haɗa kai da masu masaukinmu, tunda su ma manjansu da garin rogonsu na neman hanyar Arewa, a kai buƙata a rubuce ga Ma'aikatar Sufuri da 'yan majalisa. Yanzu ne lokacin magana, tun ana shimfiɗa ƙarfe.